Fayirol yana haɗewa ya zama sarƙa a kan ziyolayit ɗina mai asid, ina mafita?

Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa masu aikin sinadarai. Wata biyu ke nan wani abu ya tsaya mini a wuya.

Ina son auna ƙarfin alkali na ƙwayoyin oksijin da ke cikin ginin ziyolayit HY (ziyolayit ma'adini ne mai ƙananan ramuka, HY kuma nau'insa ne mai asid), ta hanyar FTIR, wato na'urar da ke nuna yadda sinadari ke shan hasken infrared. A kan NaX, wani nau'in ziyolayit mai sodiyam, ban sha wahala ba: na shigar da tururin fayirol, sinadarin da nake awon da shi, layin N–H (mahaɗin naitirojin da haidirojin na fayirol) ya sauko daga wajen 3530 zuwa kusan 3280 cm⁻¹, abin gwanin sha'awa. Amma da na koma HY, bayan na gasa faifan ziyolayit ɗin a 400 °C, fayirol na shiga sai farin faifan ya rine ya yi duhu, layukan suka cakuɗe. Zatona wuraren asid ne ke haɗa ƙwayoyin fayirol su zama doguwar sarƙa.

Na gwada CO2 a madadin fayirol, amma raunin kamunsa ya sa ban ga abin kirki ba. Wani ya ce in fara toshe asid ɗin da firidin, wani sinadari mai alkali. Anya! Hakan ba zai canza cajin oksijin ɗin da nake son aunawa ba?

Akwai wanda ya taɓa amfani da CDCl3 (wani nau'in kulorofom) a madadin fayirol a kan irin wannan ziyolayit? A wane zafi kuka shigar da shi? Don Allah a taimaka.