Taƙaitawa: zurfafa bincike mataki-mataki a injin ces

To jama'a ga abin da na tsinta daga doguwar muhawarar da aka yi kan yadda injin ces, wato manhajar kwamfuta mai buga wasan ces (chess), zai riƙa zurfafa bincikensa mataki-mataki.

1. Kusan kowa ya yarda a fara da zurfi 1 (hango motsi ɗaya gaba), sai 2, sai 3, har lokaci ya ƙare. Kamar ɓata lokaci ne amma ba haka ba ne, kowane zagaye yana nuna motsin da ya fi kyau, shi za ka fara gwadawa a na gaba, alfa-beta kuwa, wato dabarar watsar da rassan motsin da ba za su canza sakamako ba, sai da jeri mai kyau take datse rassa sosai.

2. A ajiye matsayin da aka riga aka bincika a tebur da lambobin Zobrist (lambar shaidar kowane matsayin allo), kar injin ya maimaita wahala.

3. Kar a tsayar da bincike ana tsakiyar cinye-cinyen 'ya'yan wasa, a bi har allo ya lafa.

4. An rabu kan tsuke tagar bincike, wato a nemi makin matsayi (ƙimar kyawunsa) kusa da na zagayen baya kawai. Wasu sun ce tana ƙara gudu, wasu sun ce in maki ya faɗo waje sai an sake, ni dai ina ganin ɗan koyo ya bar ta tukuna.

5. In lokaci ya ƙare tsakiyar zagaye fa? Wasu sun ce a koma sakamakon zagayen baya, wasu a riƙe sabon in an gama duba motsin farko, wato wanda ya fi kyau a zagayen baya.