Wata huɗu ina aiki daga gida, wuyana ya ƙage, aikin kuma ba ya tafiya

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku taimaka mini, abin ya fara damuna sosai. Shekara bakwai ina aikin lissafin kuɗi a wani kamfani. Lokacin korona a 2020 mun yi 'yan watanni a gida, amma sa'ad nan ba ni da aure, in na rufe ƙofar ɗakina shi ke nan. Da aka koma ofis an canja mana shugaba sau biyu. Na farkon ba mu jitu ba ko kaɗan, sai da na rubuta takardar ajiye aiki na yaga. Ta biyun ce, da na yi haihuwa ta biyu, ta ce in riƙa aiki daga gida ina leƙowa sau ɗaya a mako. Ranar har hawayen murna na yi. Yau wata huɗu, aikin da nake gamawa ƙarfe biyu a ofis sai in kai dare ina fama da shi. Da safe a teburin cin abinci nake zama, in babban yarona ya dawo makaranta sai in kwashi kwamfutar in hau gado in ɗora ta kan filo. Wuyana ya ƙage, kafaɗar dama kamar an aza mini dutse, ido na yi mini yaji da yamma. Jiya ana tsaka da taron bidiyo a manhajar Zoom intanet ta yanke sau uku. Na ɗan tara kuɗi zan sayi kujerar ofis mai juyawa. Ita ce maganin, ko akwai abin da ban gani ba?

Tsohon ma'aikaci:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Riƙe kuɗinki tukuna. Shekara ashirin da biyar na yi a gaban kwamfuta, na san wannan ciwon kamar yunwar cikina. Laifin kwamfutar tafi-da-gidanka ne. An ƙera ta sikirin da kibod a manne, in kin ajiye ta daidai hannu wuya ya sunkuya, in kin ɗaga ta daidai ido kafaɗa ta ɗage. Babu kujerar da za ta raba wannan gardama. Jera littattafai masu kauri ki ɗora ta a kai har saman sikirin ya zo daidai idonki ko ƙasa kaɗan, nisansa da fuskarki kamar tsawon hannunki, santimita 50 zuwa 70. Sai ki sayi kibod da maus na daban. Gwiwar hannu ta lanƙwashe kusurwar digiri 90 kusa da jiki, tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai. Teburin cin abinci yawanci wajen santimita 75 ne, in ba doguwa ba ce ke ya yi miki tsayi wajen buga rubutu, shi ne kike ji a kafaɗa. Sa matashi a kan kujerar da kike da ita, ki tura kwali mai ƙarfi ƙarƙashin ƙafarki. Gado kuwa ki rabu da shi daga yau.

Uwar uku:
Allah sarki 'yar'uwa, kamar labarina kike bayarwa. Ni tebur nake da shi mai kyau, kujera mai kyau, amma me? Kalma ɗaya ce ta kashe mini aiki: "ai kina gida." Mai kawo saƙo ni, mai gyaran famfo ni zan tsaya a kansa, a kawo mini yaran dangi a ce awa ɗaya kawai, sai dare. Rannan ina magana da shugabanmu maigidan ya leƙo yana tambayata inda na ajiye masa caja. Na yi kuka a banɗaki na wanke fuska na dawo. Har yau ba wanda ya yarda aiki nake yi.

Mai neman shawara:
Na gode Yaya. Amma gadon nan ba da son raina nake hawa ba. A falo yaron nan ba ya barina, ya ja waya, ya danna mini kibod, ranar nan ya goge mini layi guda na lissafi ban lura ba sai washegari. Ɗakin kwana kaɗai ke da makulli. Kuma littattafan da ka ce, kullum sai na kwashe su lokacin cin abinci in sake jerawa?

Tsohon ma'aikaci:
To kai tebur ɗakin kwanan mana. Ƙarami ya isa, faɗin mita ɗaya. Ki ajiye shi taga tana gefenki. In tana bayanki haske zai riƙa faɗowa kan sikirin, a taro kuma fuskarki ta yi duhu. In tana gabanki ta kashe miki ido. Yajin idon kuma saboda mai kallon sikirin ba ya ƙiftawa yadda ya saba. Duk minti 20 ki kalli abin da ke nesa, kamar mita 6, na daƙiƙa 20.

Mai gyaran kwamfuta:
Malama, yankewar nan a falo take yi ko a ɗaki? In na'urar Wi-Fi ɗinku mai layi biyu ce, na 5 GHz ya fi gudu amma bango na raunana shi, na 2.4 GHz ya fi ratsa bango. In a ɗaki za ki zauna da ƙofa a rufe, ki ja wayar intanet daga na'urar zuwa kwamfutar, tana kai mita 100 ba matsala. In ta fara tsinkewa ana taro, kashe kyamara, murya za ta ɗore.

Malamar makaranta:
Ni dai da girmamawa ban yarda da Baba Tsohon ma'aikaci ba. Ki sayi kujerarki. Shekara biyu na yi ina cusa matasai a baya ina cewa ya isa, sai da na kasa sunkuyawa in ɗauki 'yata. Ki duba mai ɗagawa da saukewa, mai tokare ƙugu, ki zauna a kai kafin ki biya. Batun jinkirin aiki kuma ki gwada tsarin Pomodoro da Francesco Cirillo ya fito da shi: minti 25 aiki ɗaya tak, waya a wani ɗaki, minti 5 hutu, bayan zagaye huɗu ki huta mai tsawo. Kuma in kin fara jin yatsunki na mutuwa ko ciwon na sauka hannu, wannan ya wuce mu, ki ga likita.

Tsohon ma'aikaci:
Malama, mai lissafi ba ya tashi duk minti 25, in ya saki zaren lamba sai ya koma farko. Kujera kuma ko ta zinariya ce, muddin kwamfutar na ƙasa wuya zai sunkuya. Na faɗa na ƙara.

Uwar uku:
Duk kuna ta maganar katako da waya. Wa ke riƙe miki jaririyar in kina aiki? Ba ki faɗa ba.

Mai neman shawara:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Tebur ba zai shiga ɗakin ba gaskiya, ga gadon jaririya ga durowa, kuma maigidan ba ya son ganin kayan aiki inda yake kwana, ni ma ban ga laifinsa ba. Kibod ɗin zan duba daga baya. Kujerar dai na riga na sa rai, a ofis irinta nake zama kuma ban taɓa ciwon wuya ba. Yatsuna biyu na dama sukan ɗan yi sanyi da dare, amma ina ga gajiya ce.

Malamar makaranta:
Waɗanne yatsun? Tun yaushe?

Tsohon ma'aikaci:
A ofis babban sikirin kike da shi a kan tebur, ko ba haka ba? Auno mana ɗakin da tef, tsawo da faɗi, ki turo. In an matsar da durowar nan na tabbata zai shiga.