Me ya sa cutar sida ta fi yawa a tsakanin mata masu zaman kansu?

Ɗalibar Jinya, Tahoua:
Assalamu alaikum. Ina koyon aikin jinya, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa kashi 0.4 cikin ɗari na manya a Nijar ne ke ɗauke da ƙwayar cutar sida, amma a tsakanin mata masu zaman kansu adadin ya ninka haka sau da yawa. Abokan karatuna sun ce yawan mazan da suke kwana da su ne kawai dalili. Ni kuwa na ga wata mata da ta zo awo riƙe da kwalin kwaroron roba na Foula a cikin jakarta, ta ce ba ta yarda da baƙo sai da shi, amma sakamakonta ya nuna tana ɗauke da ƙwayar. Ina roƙon manyanmu su fahimtar da ni.

Ungozoma, Yamai:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. Da kin tambaye ta game da saurayinta na dindindin, ina kyautata zaton da kin samu amsa. Na daɗe ina zama da matan nan, kuma abin da nake ji kullum shi ne, baƙo ana iya tilasta masa kwaroron roba, amma wanda ke biyan kuɗin ɗaki, wanda ake dafa wa abinci, idan aka miƙa masa sai ya ce, "Ashe ba ki yarda da ni ba?" Shi kuma sau da yawa yana da wasu matan, har da ta aure a gida. Ta wannan ƙofa cutar ke shiga, ta nan kuma take fita zuwa gidajen da ba a zato.

Abu na biyu da nake so ki riƙe shi ne sauran cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Tunjere yana buɗe gyambo a al'aura, ciwon sanyi yana kawo kumburi, kuma dukansu suna sauƙaƙa wa ƙwayar sida hanyar shiga jini. Ciwon sanyi yakan zauna a jikin mace ba tare da wata alama ba. Wadda ta ga alamar kuwa, saboda gudun kallon banza a gidan likita, sai ta sayi ƙwayoyi biyu wurin mai talla, ciwon ya lafa bai warke ba. Wannan laifinmu ne mu ma'aikata, kuma yana yi mini ciwo. Ki ƙara da maganin matsi, wanda ke busar da gaba har fata ta tsage, da man shafawa irin su basilin da ke lalata roba.

Malamin Lafiya, Ƙonni:
Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa. Abin da zan ƙara ya shafi kuɗi da tafiya. A nan bakin iyaka direbobin manyan motoci suna kwana, 'yan ci-rani suna wucewa zuwa Najeriya da Abijan, wasu matan kuma suna bin wuraren haƙar zinariya kamar Komabangu, inda gidan likita ke da nisa. Idan namiji ya ce zai ƙara jika biyu a bar robar, macen da ke da bashin haya da yara a ƙauye ba ta da ƙarfin cewa a'a, musamman yarinyar da ta fito daga auren da ya mutu kwanan nan, ba ta san kowa a garin ba. Giya da tramol suna ƙara raunana ta, wani kuma da duka yake karɓar abin da yake so.

Ɗalibar Jinya, Tahoua:
Na gode, Hajiya da Malam. To idan robar ta fashe, ko an yi wa mace fyaɗe, me zan ce mata?

Ungozoma, Yamai:
Ki ce ta zo nan take, kada ta jira gari ya waye sau uku. Akwai maganin kariya da ake farawa kafin awa 72 su cika, a sha shi kwana 28. Wadda aka riga aka samu da ƙwayar kuma, maganin rage ƙarfinta kyauta ne, kuma idan ta riƙe shi har awo ya daina ganin ƙwayar a jininta, ba za ta sa wa abokin kwananta ba. Matar da kika gani, ki nemi ta dawo tare da saurayin nata a auna shi, ki kuma yi mata maganar a ɗaki, ƙofa a rufe.