Kulle asusu bayan kuskuren kalmar sirri ya ƙi aiki ta FreeRADIUS

Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina neman taimakonku. FreeRADIUS ke tantance masu shiga Wi-Fi ɗinmu, asusun kuma suna cikin OpenLDAP, manhajar da ke ajiye sunayen masu amfani da kalmomin sirrinsu. Na kunna ppolicy, wato tsarin dokokin kalmar sirri na OpenLDAP, na sa pwdLockout TRUE, pwdMaxFailure 5, don a kulle asusu bayan kuskure biyar. Idan na gwada da ldapwhoami, umarnin da ke shiga OpenLDAP kai tsaye, asusu yana kullewa daidai. Ta Wi-Fi kuwa, ko sau nawa aka yi kuskure babu kulle, pwdFailureTime ma, inda ake rubuta lokacin kowane kuskure, ba ya bayyana. Abin ya dame ni, domin mai cankar kalmar sirri zai yi ta gwadawa. Ina zargin PEAP da MSCHAPv2, hanyar tantancewar da muke amfani da ita, ba sa yin bind, wato shiga OpenLDAP, da sunan mai asusun. Dole ne in koma wata hanyar tantancewa, EAP-TTLS da PAP, ko FreeRADIUS zai iya ƙirga kurakuran da kansa?