Famfon tukunyar lantarki na toshewa in na dafa zoɓo

Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Ina zoɓon sayarwa a nan Pantami cikin Gombe, na sayi tukunyar lantarki mai cin lita 30, irin mai famfo a ƙasa, don in huta da itace. To wallahi duk sanda na dafa, da na buɗe famfon ko lita biyu bai zubowa sai ya tsaya cak, ganyen zoɓon da dakakkiyar citta da kanumfari duk sun cushe a bakinsa, sai na sa tsinke ina zungura ruwan zafi na fallatso min a hannu.

Na ƙulle kayan cikin farin ƙyalle na jefa, famfon ya saki amma zoɓon ya fito fari-fari ba tsami, kwastomomi har suna tambaya ko ruwa na ƙara. Na sa rariyar ƙarfe ta ciki, garin cittan ya bi ta ramukan ya kwanta a gindin tukunyar ya kama, ƙauri ya shiga, tukunyar ma ta kashe kanta. Jiya lita 25 na zubar.

Wace irin matata zan sa cikin tukunyar da za ta tare garin citta amma kalar zoɓon ta fita sosai?