Neman shawara: Texas za ta biya wa ɗiyata bashin karatun likita, ta sa hannu ko ta dakata?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗiyata tana shekarar ƙarshe a residensi (horon ƙwarewa da likita ke yi a asibiti bayan kammala karatu) a nan Houston, Amurka, ɓangaren likitancin iyali, bashin karatun da ke kanta ya haura dala dubu 200 kuma kuɗin ruwa kullum ƙaruwa yake. To an ce jihar Texas za ta biya mata har dala 180,000 in ta yarda ta yi shekara 4 a yankin da ke ƙarancin likitoci. Babanta ya ce ta sa hannu kawai, ni kuma hankalina bai kwanta ba, yarinya ko aure ba ta yi ba a ce ta tafi wani ƙauye ita kaɗai? Don Allah ku ba ni shawara.

Dakta B:
Wa alaikumussalam Hajiya. Ba lallai ƙauye ba ne fa, wuraren da ake kira HPSA, wato yankunan ƙarancin ma'aikatan lafiya, har cikin manyan birane akwai su, unguwannin marasa ƙarfi, ta shiga shafin HRSA (hukumar tarayya mai tantance waɗannan yankuna) ta duba adireshin asibitin. Sannan kuɗin ba lokaci ɗaya ake zubewa ba, sai ta gama shekara a biya, ta farko 30,000, ta ƙarshe 60,000, wato sun tsara shi ne yadda in kin gudu da wuri ke kika yi asara.

Abban Sadiq:
Irin bond ɗin (yarjejeniyar yin aiki bayan karatu) da jihohinmu na arewa ke sa ɗaliban likitanci su sa wa hannu kenan, sai dai nan ba a wasa da takarda.

Anti Rabi:
Hajiya ni tambayata, bashin na gwamnatin tarayya ne ko na banki? In na tarayya ne akwai PSLF, shirin yafe bashin karatu ga masu yi wa jama'a aiki, ta yi biya 120 tana aiki a asibitin gwamnati ko wanda ba na neman riba ba, a yafe sauran, kuma shekarun residensi suna shiga lissafi in dai tana biya a tsarin da ya dace kuma asibitin ya cancanta. Kar ta kuskura ta maida bashin hannun banki don an ce ruwa ya fi sauƙi, da ta yi haka PSLF ya wuce ta.

Dakta B:
Haka ne Anti. Akwai kuma NHSC na tarayya, shi ma shirin biya wa likitoci bashin karatu ne in sun yi aiki a irin waɗannan yankuna, shekara 2 ne kawai, amma sai ɗan ƙasa, girin kad (katin izinin zama na dindindin) ba ya yi, kuma in ta karya alkawari tarar dala 7,500 ce kan kowane watan da ya rage. Wannan kam lauya ya karanta mata kafin ta sa hannu.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. A nan aka haife ta, kuma na tarayya ne duka in ji ta. Dakta B, za a iya haɗa na Texas ɗin da PSLF ko dole sai ɗaya?