Ruwan sama yana shiga jirgina ta bakin murafan wurin zaman matuƙi

Mai jirgi a Legas ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da ƙaramin jirgin ruwa na faiba (zaren gilas da aka daskarar da gam) mai tsawon mita 7, wanda yake kwana a kan ruwa a tafkin Legas. A wurin zaman matuƙi akwai murafa uku: biyu su ne saman bencin hagu da na dama, inda nake ajiye rigunan ceto da igiyoyi da batir, na ukun kuma yana daɓe, a saman tankin mai. Tun da damina ta kankama a watan Yuni, duk daren da aka kwana ana ruwa, da safe nakan tarar da ruwa ya kai idon sawu a gindin jirgin, rigunan ceto sun jiƙe sharkaf har sun fara funfuna. Na tabbatar ba daga ƙasa yake shigowa ba, domin idan aka yi kwanaki ba a yi ruwa ba, cikin jirgin yana nan a bushe.

Wani mai gyara ya zagaye bakin murafan da gam ɗin silikon, na biya shi, amma bayan mako biyu silikon ɗin ya fara ɓaɓɓakewa kamar fatar maciji, yoyon kuma bai ragu ba. Abin da ya fi damuna shi ne famfon da ke fitar da ruwa ya riga ya kashe mini batir sau biyu. Wane irin gam ya kamata in saya?

Mai gyaran jiragen faiba ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ina roƙonka kada ka sayi kowane gam tukuna, har sai ka ga hanyar da ruwan yake bi da idonka. Murfin benci irin naka yawanci ba gam ne ke hana shi yoyo ba. Idan ka ɗaga shi za ka ga wata 'yar kwata da aka ƙera a jikin faibar, ta zagaye bakin akwatin, kuma aikinta shi ne ta tare ruwan da ya gangaro ta kai shi daɓe ko ta zubar da shi cikin siririn tiyo. Robar da ke manne a ƙarƙashin murfin mataimakiya ce kawai. Da zarar bakin kwatar ya toshe, sai ta cika ta tumbatsa cikin akwatin, ko da robar sabuwa ce fil.

Yawan ruwan kuwa ya wuce yadda mutane suke zato. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce cif. Idan wurin zamanka ya kai murabba'in mita 3, aka kuma yi ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, to lita 150 ce ta sauka a wurin, ban da wadda ta gangaro daga rufin gaba, kuma dukkanta dole ta fita ta ramuka biyu ko uku.

Ka zaɓi ranar da rana ta fito, ka busar da akwatunan sarai, ka barbaɗa hoda a bangonsu ta ciki. Sai ka sa yaro ya riƙe tiyo mai zubar da ruwa a hankali, ya fara daga wuri mafi ƙasa, wato murfin daɓe, ya daɗe kamar minti 5 kafin ya matsa sama zuwa kwata, sannan hinji, sannan makulli. Idan aka fara daga sama, ruwan zai jiƙa ko'ina lokaci guda, ba za ka gane komai ba. Bayan kowane mataki ka buɗe ka haska tocila, za ka ga sawun ruwan a kan hodar ya nuna maka inda ya ɓullo. Ita kuma robar, ka sa tsinken takarda a bakinta ka rufe murfin ka ja. Duk inda takardar ta zare ba tare da turjiya ba, to a nan robar ta kwanta ko murfin ya lanƙwashe.

Matuƙi daga Yawuri ya amsa:

Ina goyon bayan Malam, sai dai in ƙara abu ɗaya da ya taɓa wahalar da ni a tafkin Kainji. An ƙera daɓen wurin zama ne da ɗan gangare zuwa baya, inda ramukan fitar ruwa suke. Na taɓa tara anga (ƙarfen tsayar da jirgi) da sarƙa da jarkoki a gaban jirgi, hancinsa ya ɗan sunkuya, sai ruwan sama ya koma yana taruwa a gaba, ya kwanta a kan murfin daɓe har ya sami hanya. Ka zuba bokiti ɗaya a daɓen ka tsaya ka ga inda ya nufa. Sannan mu nan ƙurar hunturu tana cika ƙananan tiyon, ruwan farko kuma ya mayar da ita taɓo, shi ya sa nake wanke su kafin damina ta faɗi.

Mai jirgi a Legas ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Na yi gwajin jiya, kuma abu biyu na gano. Ramin kwatar hagu a toshe yake, kuma abin da na zaro da waya shi ne dunƙulen silikon ɗin da aka shafa, haɗe da yashi da ganye. Da na buɗe shi, yoyon hagu ya tsaya cak. A dama kuwa ruwan yana bin kusoshin hinji ne, yana ɗiga a ciki da launin shayi, kuma da na danna wurin da babban yatsa sai na ji ya ɗan lotsa. Malam, shin in ƙara ɗaure kusoshin ne kawai?

Mai gyaran jiragen faiba ya amsa:

A'a, Alhaji, ƙara ɗaurewa zai murƙushe wurin ne. Wannan launin shayin shi ne abin da na fi jin tsoro, domin alama ce cewa akwai katako a tsakanin faibar sama da ta ƙasa, filawud ko balsa (wani katako marar nauyi), kuma ya sha ruwa ya fara ruɓewa. Irin wannan ruɓa tana yaɗuwa a ɓoye, don haka gara a tare ta yanzu tana ƙarama.

Ka cire hinjin gaba ɗaya. Ka faɗaɗa kowane rami da injin huda, misali ramin milimita 5 ya koma 10 ko 12, ka ƙwaƙule ruɓaɓɓen katakon da lanƙwasasshiyar ƙusa har ka iske mai ƙarfi. Daga nan sai haƙuri, domin dole wurin ya bushe sosai, kuma a daminar Legas hakan yana iya ɗaukar kwanaki da yawa a ƙarƙashin tamfol da iska ke ratsawa. Idan ya bushe, ka toshe ƙasan ramin da tef, ka cika shi da efoksi (wani gam mai daskarewa da ƙarfi) mai kauri, bayan ya daskare ka sake huda ramin milimita 5 a tsakiyarsa. Ta haka ko ruwa ya sake bin ƙusar, efoksi zai tarar, ba katako ba. Idan kuwa ka ga lotsawar ta fi faɗin tafin hannu, to aikin ya wuce cika rami, sai an yanke fatar faibar an sauya katakon.

Kafin ka mayar da hinjin, ka ɗan fafe bakin kowane rami ya zama kamar mazurari, domin gam ya sami wurin zama a wuyan ƙusar. Ni na fi son tef ɗin butil (wata roba mai laushi da danƙo) idan ƙusar mai noti ce a ƙasa, saboda ba ya bushewa, kuma ana iya cire shi bayan shekaru; ka riƙe kan ƙusar kada ya juya, ka ɗaure notin daga ƙasa da faffaɗan washa. Idan babu butil, gam irin Sikaflex 291 ko 3M 4200 ya wadatar. Ka guji gam ɗin 3M 5200 a kan hinji, domin riƙonsa yana iya ɓantaro fatar faiba ranar da kake son cirewa. Duk inda silikon ya taɓa kuma, ka kankare shi, ka goge da samfefa, ka share da asiton (sinadarin goge maiƙo da datti), in ba haka ba babu gam ɗin da zai kama wurin.

Matuƙi daga Yawuri ya ƙara da cewa:

Tunda murfin daɓen yana saman tankin mai, Alhaji, ka buɗe shi iska ta shiga, ka kuma cire kan batir kafin ka kunna injin huda ko ka buɗe kwalbar asiton a wurin. Idan ka zo sauya robar murfin, ka yanki guntun tsohuwar ka tafi da shi kasuwa domin a ba ka mai kauri ɗaya, ka nemi irin robar da ake kira EPDM wadda take jure rana, kuma ka sa mahaɗarta a tsakiyar gefe ɗaya, kada ta faɗo a kusurwa.